Bangon Teku na Ras Labyad

Ranar Talata ce, ana yayyafi, teku na ta hauka, a shekara ta bakwai ta sarautar Sultan na wancan zamani. Ƙa'id Bushu'aib, hakimin gaɓa, ya tsaya a kangon ganuwar Ras Labyad, wadda Turawan Fotugal suka daɗe suna riƙe da ita, suka fasa ta da albarushi ranar da aka kore su. Ya sa aka kira sarkin magina, Mu'allim Hammu.

Ƙa'id ya ce masa, "Umarnin Sultan ne. A mayar da ita yadda take."

Hammu ya zaga tushen yana awo. Bangon da ke fuskantar tudu kaurinsa kamu goma sha biyu, na teku kamu uku.

Ya ce, "Sidi, ranka ya daɗe, masu ginin nan mu suke tsoro. Teku kuwa hanyar gidansu ce. In na mayar da ita yadda take, masauki na gyara musu."

"Kai tsoho, ka fi Sultan sani ne?"

"Na fi shi sanin dutse."

Ƙa'id ya ce, "To, wuyanka ne, ba nawa ba."

Wata tara Hammu yana kwashe duwatsun bangon tudu yana jibga wa na teku. Da Wazirin Sultan ya zo dubawa, ya tarar da bayan ganuwa a buɗe, har awaki na shiga. Ya sa aka ɗaure Hammu da mari, za a kai shi birnin Marrakush a sare kansa.

Ana shirin tafiya sai ga jiragen Fotugal biyar. Suka saita igwa daidai inda kakanninsu suka bar bango siriri. Kwana uku suna ruwan wuta, dutse bai gusa ba. Igwoyin ganuwa suka nutsar da biyu, sauran suka juya, ba a ƙara ganinsu ba. Mata suka cika gaɓa da guɗa.

Waziri da hannunsa ya kwance marin. "Mu'allim, me kake so a ba ka?"

"Farar ƙasa. Kuma a daina aiko mini masu dubawa."

Haka magabata suka ba da labarin. Sarki ke ba da umarni, amma sau da yawa wanda ya ƙi bin sa ke tsare masa ƙasa.

Washegarin ranar da aka kwance masa mari, Hammu ya sauka gindin bango da guduma, ya sami tsaga ɗaya, ya yi ta zagin wanda ya yi kwaɓin.