Kafinta Da Ya Hana Matarsa Kwanciya

Wai so mene ne? Ke da ba ki iya wanke kofin da kika sha ruwa ba, za ki tambaye ni so? Gyara zama, kar ki katse ni.

Wani kafinta ne matarsa, malamar firamare, ta yi ciwon dajin kaluluwa. Wata shida ana ɗura mata maganin da likitoci ke kira kemo. Ciwo ya tafi, ya bar ta ba gashi, ba ƙarfi. Cokali ma nauyi yake mata.

Ranar sallama nas ta ja kafinta gefe ta ce, "Wannan gajiyar barci ba ya maganinta. Ta riƙa takawa kullum, ko kaɗan ne."

Shi ke nan, kowace safiya kafin ya buɗe shago sai ya kamo hannunta su fita, yana rataye da 'yar kujerar da ya ƙera mata. Taku ashirin ta zauna tana haki.

"Wallahi kai mugu ne," take cewa.

"Na yarda, Malama. Saura goma."

A haka uwarta ta riske su bakin titi, gumi na zuba wa 'yar.

"Innalillahi! Wadda ta dawo daga bakin kabari kake ja a titi kamar akuya?"

"Umma, asibiti ne suka ce..."

"Asibiti ne suka haife ta? In ka gaji da jinya ka ba ta takardarta!"

Ranar ta kwashe 'yarta. Ta shimfiɗe ta a ɗaki, ta ja labule, ko kofi ba ta bari ta miƙa hannu ta ɗauka. Kafinta kullum yana ƙofar gida, kullum a ce masa tana barci. Ya koma shago ya yi ta yanka katako ba daidai ba. Tsoronsa ɗaya, kada ƙafafun nan su saba da katifa kafin a bar shi ya gan ta. 'Yan uwansa suka ce ya haƙura da auren, ya ce su fita masa daga shago.

Kwana goma sha tara, sai ga wayar Umma. Wai Malama ta yunƙura za ta banɗaki ƙafa ta ƙi, ta zube tsakanin gado da ƙofa.

Ya same ta a ƙasa tana kuka.

"Da ina kaiwa har kanti," ta ce, "yau ƙofa ta gagare ni. Umma, ki bar ni in bi mijina."

Umma ta share hawaye, ta dube shi. "Nuna min yadda ake riƙe ta."

Daga taku uku suka sake farawa. Sai da ta shafe wata bakwai kafin ta iya tsayawa gaban allo, kuma ko a lokacin in ta dawo sai ta kwanta awa guda.

To kun ji. Uwar ba muguwa ba ce, tausayinta ne ya kusa gurgunta 'yarta. Mai sonki yakan jure ki zage shi in dai za ki miƙe.

Ku tashi ku ba ni wuri, kowa ya nufi shimfiɗarsa. Ke kuma ki fara wanke kofin nan!