Addu'ar Hannu a Cikin Masara

"Lilian! Tabita! Ku wanke hannu ku zo, Dadi ya shimfiɗa tabarma!"

Liatu ce ke kiran 'ya'yanta daga bakin murhu. Ranar Alhamis ce, ranar sujadar iyali a gidan Luka da ke Unguwar Maitama, can bayan Bakori. Duk Alhamis da an ci tuwo, Luka zai tara yaran ya karanta musu aya ɗaya, a yi waƙa, sannan a rufe da addu'ar hannu. Matarsa Liatu ce ta ƙirƙiro ta saboda Tabita, 'yar autarsu, wadda bakinta ba ya hutawa ko barci take yi. Sai a riƙe hannun juna a zagaye, kowa ya yi roƙonsa a zuci, in ya gama ya matsa hannun na kusa da shi, har abin ya zagayo kan Luka ya ce amin. Wanda ya yi magana kafin amin, ba shi ba gasasshiyar masara.

Yau kuwa akwai baƙuwa. Mama Lauratu, mahaifiyar Liatu, ta zo daga Funtua tun hantsi, kuma ba zumunci ya kawo ta ba.

"Na gaya miki, gobe da sassafe ki haɗa kayan yaran nan mu tafi. Makon jiya 'yan bindiga suka shiga ƙauyen da ke bayanku suka kwashi mutane. Jira kike a zo kanku?"

"Mama, shi fa?"

"Shi wa? Manomin naki? Gidana ba shi da ɗakinsa. Da kin ji maganata kin auri ma'aikaci, da yanzu kina cikin gari kina barci har da minshari."

Kai, Mama Lauratu akwai baki! Tun da aka ɗaura auren nan ba ta taɓa amsa gaisuwar Luka da sakin fuska ba, kullum sai "manomin naki". Shi kuwa bawan Allah bai taɓa ɗaga ido ya dube ta ba. Duk kaka buhun farko na masararsa gidanta yake zuwa.

Luka ya ji komai. Ya ja Liatu gefe, kusa da rumbu.

"Ki bi Mama. Ni ma tsoron nan yana cina. Masarar nan ita ce abincinmu na shekara, ba zan iya barinta ba, amma ku ku tafi."

"Baban Lilian, in na tafi wani abu ya same ka, wa zai gaya mini?" Hawaye suka zubo mata. "Ni ba zan iya raba yaran nan da kai ba, ba kuma zan iya saɓa wa Mama ba. Ya zan yi da raina?"

"Share hawayenki. Zo mu yi sujada tukuna."

Suka zauna. Mama Lauratu ta ja kujera can gefe tana murza gwiwarta mai ciwo, tana tsaki.

"Mutane na kulle ƙofa tun rana ba ta faɗi ba, ku kuna nan kuna waƙa. Wasan yara!"

"Kaka, pilis zo ki riƙe hannuna," in ji Tabita. "Amma fa in kika yi magana kafin Dadi ya ce amin, ba ki da masara!"

"Tafi can, uwar surutu."

Ba su kai ga riƙe hannun ba. Tau! Tau! Tau! Ƙarar bindiga daga bakin gari, sai rugugin babura kamar ana niƙa a inji. Wani ya ƙwala ihu, "Sun shigo! Sun shigo!"

Liatu ta miƙe zumbur. Ta suri Tabita, ta fizgi hannun Lilian. Luka ya kashe tocila, ya banke dangar karan da ke bayan gida, wadda daga ita sai gona. Mama Lauratu ta yunƙura za ta tashi, gwiwa ta ƙi, ta koma daɓas.

"Wayyo ni! Ku tafi, ku tafi da yaran!"

Luka ya dawo da gudu ya durƙusa a gabanta. "Mama, hau bayana."

"Ni? Surukarka?"

"Mama, yau ba ranar kunya ba ce. Hau!"

Haka ya goya ta, suka kutsa cikin masara, ganye na yankar fuskokinsu. Da suka yi nisa suka kwanta rub-da-ciki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Duhu ya fara rufawa. Suna jin ana dukan ƙofofi, shanu na kuka, mata na kururuwa.

Can sai babur ɗaya ya zo ya tsaya daidai bakin gonar. Aka kashe inji. Hasken tocila ya fara yawo a kan ganyen masara, wata murya ta ce, "Nan suka bi, ga danga a karye."

Liatu ta ƙanƙame yaranta. Tsoronta ɗaya, Tabita. Kalma ɗaya daga bakin yarinyar nan, shi ke nan, an gama da su. Ashe ba nan matsalar take ba. Mama Lauratu ce jikinta ya ɗauki ɓari, haƙoranta na haɗuwa, ta fara wani nishi da ke ƙara tashi, "Wayyo... na shiga uku... wayyo..."

Sai Tabita ta miƙa ɗan hannunta ta ɗora a bakin kakarta. Ta sauke shi, ta lalubo hannun tsohuwar, ta riƙe gam. Da ɗaya hannun ta kamo na uwarta. Liatu ta gane, ta kamo na Lilian, Lilian ta kamo na babanta, Luka ya kamo ɗaya hannun Mama.

Luka ya matsa hannun Lilian. Lilian ta matsa na Liatu, Liatu ta matsa na Tabita, Tabita ta matsa na Kaka. Tsohuwa ta haɗiye nishinta. Can ita ma ta matsa hannun surukinta.

Abin ya zagayo, amma Luka bai ce amin ba. Sai ya sake tura shi. Ya zagayo, ya sake turawa. Hasken tocila ya wuce ta saman kansu, ya dawo, ya tsaya. Liatu na jin jikin Tabita yana zabura, hawayen yarinyar na ɗiga a hannunta, amma bakin nan a rufe ruf. Ita kanta Liatu ba ta san me take roƙo ba, sunan Yesu kawai take maimaitawa a zuci.

Aka tayar da babur. Ƙararsa ta yi nisa, sauran suka bi. Sai da suka ji usur ɗin 'yan sa-kai da muryoyin maƙwabta na kiran sunayen juna, sannan Luka ya ja dogon numfashi.

"Amin."

"Dadi!" Tabita ta fashe da kuka. "Addu'ar yau ta yi tsawo! Cinnaku sun cije ni a ƙafa ban yi magana ba. Ina masarata?"

Liatu ta rungume ta tana kuka tana dariya.

Da gari ya waye aka ga ɓarna. An fasa shaguna, an kora dabbobi, har da shanun huɗar Luka guda biyu. Yana tsaye a bakin turke, ya yi tagumi, Mama Lauratu ta ɗingiso ta tsaya a bayansa.

"Ɗana."

Luka ya waiwaya yana neman wanda take kira.

"Kai nake kira. Ka yafe mini. Na ce gidana ba shi da ɗakinka, kai kuwa bayanka ya sami wurina. Ku haɗa kaya dukanku. Ɗakin marigayi baban Liatu yana nan a rufe, naku ne. Gona ka riƙa zuwa da rana a babur, ka dawo mana kafin magariba."

Luka ya durƙusa a gabanta. Liatu ta rufe fuska da gyale.

"Amma da sharaɗi," in ji tsohuwar tana share ido. "Duk Alhamis da ni za a yi."

Haƙurin da Luka ya yi shekara da shekaru bai faɗi ƙasa banza ba. Abin da iyaye suka koya wa yara a kan tabarma ranar zaman lafiya, shi ne yaran za su riƙe ranar tashin hankali, don haka kada wanda ya raina shi.

Alhamis ta gaba, a tsakar gidan Mama Lauratu a Funtua, an riƙe hannu an yi tsit. Da abin ya zo kanta, sai ta riƙe hannun Luka ta ƙi saki, hawaye na bin kumatunta. Tabita ta buɗe ido ɗaya ta harare ta, amma ba ta ce komai ba.