Faifai a Bakin Masai

Rana ta yi ja ta kusa faɗuwa, unguwar Sabon Gari ta cika da hayaƙin murhu da ƙarar baburan kabu-kabu masu komawa gida. A tsakar gidan Barmo, matarsa Fasuma tana tuƙa tuwon hatsi, ɗiyarsu Salima, wadda ke ajin ƙarshe a kwaleji, tana tsinkar zogale a tire. Shi kuwa maigidan ya baje a tabarma da robar ruwan sabulu a gabansa, yana wanke faya-fayan garmaho ɗaya bayan ɗaya, yana jingina su da bango su tsane. Ruwan ya koma baƙi ƙirin, kashin ɓera da ƙwan kyankyasai na yawo a kai. Kwalayen da ya ciro su ciki kuwa, warinsu ko akuyar gidan ba ta raɓarsu.

Ana cikin haka dutse ya faɗa cikin robar. Ba ta kan katanga ya zo ba, daga sama ya sauko a miƙe. Barmo ya sa hannu ya tsamo shi, ya ji shi da ɗumi da santsi, ya kai hanci, ya yi wurgi da shi yana kakari. Kafin ya wanke hannu wani ya faɗi kusa da murhu, wani a kan kwanon ɗaki. Fasuma ta rufe tukunya ta ce, “Baban Salima, wanga ba jifar yara ba ce.” Ya ce ta yi masa shiru. Ladan ya kira sallah, kowa ya yi alwala ba mai duban ɗan'uwansa.

Barmo dillalin tsofaffin kaya ne. Da can rediyo da agogon bango yake saye, har wani mutum a Yamai ya sanar da shi cewa Turawa na neman faya-fayan garmaho ido rufe. Tun daga ranar ya zama ungulu. Bai cika tambayar wa ke da faifai ba, sai dai ya tambayi wane tsoho ne ya kwanta ciwo. Ta haka ya ji labarin Maman Lawali na Tsibiri, tsohon direban gingimari da ya ƙare ƙuruciyarsa a hanyar Kwatano da Abijan da Legas, kuma bai taɓa dawowa daga tafiya ba tare da sababbin faya-fayai a bayan kujera ba. Ɗaki guda ya cika da su, daga daɓe har rufi.

Ɗan tsohon ne ya sayar da su har da garmahon, Alhaji Abdurrazak, attajirin da ke da gidan sama a cikin Maraɗi. Ko shiga ɗakin bai yi ba, a bakin ƙofa ya tsaya da hankici a hanci yana cewa a yi sauri. Tsohon yana ciki, da ransa. Rabin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace, yana kwance kan katifar da fitsari ya riƙe, ƙudaje sun yi masa baƙi a gefen leɓe. Ta kansa aka riƙa tsallakawa da kwalaye. Da Barmo ya ɗauko na ƙarshe, tsohon ya miƙo hannunsa mai rai ya kama masa ƙafar wando, yana wani gurnani, hawaye na gangara cikin kunnensa. Barmo ya fizge ƙafa ya ce, “Sannu Baba, Allah shi ƙara sauƙi,” ya fita. Tir da irin wannan gaisuwa.

A gida ya yi abin da dillalai ke yi, ya ware na kirki gefe guda don mutumin Yamai, tarkace gefe guda. Cikin tarkacen akwai wani faifai da allura ta ci har ya yi fari-fari, takardar tsakiyarsa ta goge, ba a gane sunan kowa. A ranar kuma murfin masai na gidan ya tsage. Barmo, da ba ya ƙaunar ganin abu ya tafi a banza, ya gwada faifan a bakin ramin, ya ga ya zauna daidai. Ya zura waya ta hudar tsakiya ya lanƙwasa ta zama mariƙi, ya fito yana yabon dabararsa. Washegari da almuru dutsen farko ya faɗo.

Daga nan magariba ta zama abin tsoro a gidan. Da rana lafiya lau. Amma da zarar haske ya fara dusashewa, kaji sun shiga akurki, sai iska ta tsaya cik, sai duwatsun nan masu danshi su fara sauka. Bayan su sai kiɗan goge. Can ƙasa-ƙasa yake tashi daga wajen bayan gida, da ƙaiƙayin nan na tsohon faifai, ya yi ɗan nisa ya maƙale a wuri guda, ya yi ta maimaitawa. Tuwon da aka kwashe da zafinsa kafin a kai baki ya yi yauƙi. Ruwan randa ya fara wari. Maƙwabta suka daina aiko da kwano, masu wucewa ta ƙofar gidan suna tofar da yawu. Fasuma ta roƙe shi ya fitar da kayan nan, ya ce mai saye na tafe, ta ƙara haƙuri.

Wata magariba Salima ta ɗauki buta ta zagaya. Ta daɗe. Da uwar ta bi ta, sai ta tarar da ita tsugune a gaban ramin, ta sa yatsa kan faifan tana zagaya shi a hankali, kanta a karkace kamar mai saurare. Aka ɗauko ta aka wanke mata hannu. Tun daga lokacin ba abin da ya ƙara zama a cikinta. Ko kunu aka kawo sai ta kawar da kai ta ce wari yake, in an matsa mata ta kurɓa sai ta amayar da wani abu baƙi. Aka kai ta gidan likita, aka yi ƙarin ruwa, aka auna jini, ba a ga komai ba. Yarinyar da ke da kumatu ta koma ƙashi da ido, zobe na zamewa daga yatsanta. Fasuma ta tabbata in ba a yi wani abu ba ɗiyarta mutuwa za ta yi. Ba ta nemi izinin kowa ba, ta hau kabu-kabu zuwa Jiratawa wajen Malam Abdulmutallib.

Malamin dattijo ne mara yawan magana, da safe yana garkarsa ta albasa, da yamma yana karantarwa. Bayan la'asar ya iso. Ya zagaya gidan, ya dubi kwalayen da aka jibge a rumfa, ya leƙa bayan gida, ya daɗe tsaye a can. Da ya fito ya nemi ruwa ya kurkure baki. Ya sa aka shimfiɗa Salima a tsakar gida, uwar ta riƙe mata kai, uban ya zauna wajen ƙafafu. Suka yi sallar magariba, sannan ya fara karatu.

Ya daɗe yana yi. Duhu ya sauko, ba dutse, ba goge, sai muryarsa kawai. Can yatsun ƙafar yarinyar suka fara lanƙwashewa. Ta buɗe ido, ba nata kallon ba ne. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce, mai kauri, a gajiye.

“Ya isa, Malam. Ina jin ka.”

“Wace ce ke, kuma mi yarinyar ga ta yi miki?”

“Sunana ba shi da amfani gare ka. Ita ba ta yi mini komi ba. Wurina ne Maman Lawali ya gina ɗakinai a kai, tun shina saurayi. Na yi niyyar tashinsa, sai ya aza faifan ga na goge, na zamna ina saurare. Ya san da ni. Kullum da almuru shi kan aza shi ya ce, baƙuwa, zo ki ji naki. Har muka tsufa ban taɓa ko kazar gidansa ba. Da hannunai ya mutu, ni ke aza mishi allura. Ɗiyansa a bakin ƙofa suke aje tuwo su gudu. Ni kaɗai ke zama da shi.”

Malam ya ce wannan zama bai dace ba tun farko, amma ba shi ya kawo shi ba. Ya ce, “Ko mi aka yi miki, zalunci ne ki hana baiwar Allah ci da sha. Ki ji tsoron Allah ki fita.”

“Ka ga inda ubanta ya aza faifan?” Bakin Salima ya murɗe da ƙyama. “Ka gani da idonka. Na ce bari jininsa ya shaƙi abin da nake shaƙa. Zan fita. Amma shi maida kayan duka wajen mai su, yau.”

Malam ya juya ga Barmo. Ya ce shi ba ya bin umarnin aljani, sai dai wannan ko ba aljani gaskiya ce, kayan mai rai ne aka sayar bai yarda ba, cinikin bai halatta ba. Ya ce Barmo ya amsa, a gama.

Barmo ya gyara zama. Ya yi gyaran murya irin wadda yake yi a kasuwa. Ya ce, “Allah gafarta Malam, duka dai da wuya. Na riga na yi wa mutumin Yamai alkawari. A bar shi a rabi.”

Fasuma ta ɗago kai ta dube shi. Jikin Salima ya sandare, bayanta ya bar tabarma, jini ya fara zirara daga hancinta zuwa kunne. Muryar ta ce, “Duka.”

“To a cire na Abijan da na Kwatano, su ne na aika wa mutumin Yamai hotonsu a salula. Sauran ta kwashe, har da garmahon na ƙara mata.”

“Barmo,” in ji Malam, “ɗiyarka ce kwance.”

“Na sani, Malam, ai shi ya sa nake ƙarawa. Ita ma ta rage mana. Ba a ciniki mutum guda ya tsaya wuri ɗaya.”

Wallahi haka ya ce, hannunsa ɗaya na kan idon sawun yarinyar, yana jin yadda take karkarwa. Ya ci gaba, a cire kaza, a bar kaza, wancan kwalin ai ruwa ya taɓa shi, ba asara in ya tafi. Kumfa ta fito wa Salima a baki. Uwar tana share ta da gefen zane tana kuka ba sauti.

Malam ya buɗe baki zai koma karatu. Sai muryar ta dakatar da shi. Sannan ta yi magana a hankali.

“Malam, bar wahal da kanka. Na zamna a juji, na zamna a kangon da jemagu suka ɓata, na kwana bakin ramin ga saboda faifaina. Duk na iya. Zama gida guda da mutumen ga ne ban iyawa. Shi riƙe kayansa. A ba ni guda ɗaya tak, a wanke shi, a kai wa tsoho. Yarinya kuwa ta yafe mini, abin da ke gare ta ya ishe ta.”

Malam ya sa ta yi alkawarin ba za ta dawo ba, ta yi. Salima ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki. Iska ta motsa ganyen dalbejiya, aka ji kukan jaki a maƙwabta da hayaniyar masu shayi a bakin titi. A hasken fitila kowa ya ga fuskar Barmo. Murmushi yake ƙoƙarin ɓoyewa, irin na wanda ciniki ya faɗa wa.

Fasuma ce ta shiga ta ɗauko faifan da hannunta, ta wanke shi da toka da sabulu har fatar yatsunta ta yi taushi, ta naɗe shi a sabon ɗankwali. Malam ya karɓa ya ce shi zai kai Tsibiri da kansa, kuma zai tsaya ya ga an yi wa tsohon wanka, zai kuma nemi Alhaji Abdurrazak su yi magana. Barmo ya bi shi zaure yana laluben aljihu. Malam ya ce ya bar shi, ya sa takalmi ya tafi bai ba shi hannu ba.

Da ya dawo tsakar gida, Salima na zaune jingine da uwarta, tana shan kunu da ludayi, kurɓi-kurɓi, kuma yana zama. Barmo ya tsuguna gabanta ya ce, “Alhamdu lillahi, ɗiyata. Kin ga Allah ya ba mu sa'a.” Ya miƙa hannu zai taɓa goshinta.

Ta janye kai. Da muryarta ta gaskiya, ƙarama, a dishe, ta ce, “Ina ciki, Baba. Ban iya motsi, amma ina ji. Na ji sa'ad da ka ce a cire na Abijan.”

Ya fara cewa ai dabara ce, ai haka ake yi da su. Ba ta tsaya ji ba. Ta sa tafin hannu ta rufe bakin kwanon kununta, ta ce, “Inna, kama ni mu shiga ɗaki in ƙarasa sha.”