Buruwet Mai Ƙafar Katako

Illa ya fara ganin Barira ne a rumfar Adamu maƙeri, bakin kasuwar Dole ta Damagaram, ana saura kaɗan a samu 'yancin kai. Illa manomin garka ne, mai lambu, daga Dogo. Ya gaji da ɗaukar taki a ka, ya zo sayen buruwet, keken hannun nan mai ƙafa ɗaya. Biyu ne a rumfar: tsohuwa ta Turawa mai ƙafar ƙarfe, da wadda Adamu ya ƙera da ƙafar katako. Ya tura wannan, ya tura waccan, ya rasa ta ɗauka.

Barira ta kawo wuƙar innarta wasi. Ta ce, “Malam, buruwet kake zaɓe ko matar aure?”

Ya ɗaga kai ya dube ta. Ya ce, “Zaɓa mini. Wadda kika nuna ita ce.”

Ta nuna ta katakon, ta rufe fuska da mayafi.

Tun daga nan, duk ranar kasuwa sai ya biyo ta Birni, unguwar su Barira, da ɗan tumatir da salati. “Sanyin idona,” yake kiranta, ita kuma ta ce masa “Na garka.”

Ranar da ya je gaida mahaifinta, Malam Tahiru, ya ciko buruwet da kayan lambu. Ƙafarta na ƙara ƙiii, ƙiii. Tsohon na jin ƙarar ya miƙe, ya yi ihu, “Fitar mini da ita! Kada in sake ganinka a ƙofata!”

Barira ta samu Illa a lungu tana kuka. Ta ce, “Lokacin aikin dole an kama Baba da ƙanensa Abba, suna tura tsakuwa a hanya. Abba ya faɗi a kan irin wannan keken, bai tashi ba. Har yau in Baba ya hango garda, dogaran nan na Turawa, ɗaki yake shigewa.”

Ana cikin haka Idirisu, wani kuku a bariki da Barira ta ƙi, ya kai tsegumi cewa buruwet ɗin ta aikin gwamnati ce aka sato. Garda biyu suka kama Illa a tsakiyar kasuwa, suka ɗaure shi da igiya, suka jefa shi kaso, gidan yarin bariki, suka ƙwace buruwet ɗin. Adamu kuwa ya tafi Zermu, ba mai shaida. Mutane na raɗa cewa arewa ake kai irinsu fasa dutse, kuma ba kowa ke dawowa ba.

Barira ta daina cin abinci. Ta durƙusa gaban mahaifinta ta ce, “Baba, ni na zaɓa masa ita. In ya mutu can, ni na kashe shi.”

Malam Tahiru ya tashi ya ɗauki sandarsa.

A ƙofar bariki ya hango garda, ya ja da baya. Barira ta riƙe hannunsa har gaban kumandan. Ya gaya wa tafinta, “Na tura buruwet ɗinku har tafin hannuna ya tsage. Taku ƙarfe ce duka. Wannan mai ƙafar katako ƙirar garinmu ce. Ku sakar mini ɗana.”

Kumandan ya duba ƙafar katakon, ya sa aka kwance Illa.

A waje Illa ya zube yana godiya. Tsohon ya ce, “Tashi. Ban samu ceton Abba ba, kai Allah Ya ba ni. Turo magabatanka.”

Bayan girbi aka ɗaura aure. Da za a kai amarya Dogo, Illa ya raɗa mata, “Kin daina tsoron a raba mu?”

Ta ce, “Saura kaɗan, amma ina tare da kai.”

Malam Tahiru ya dafa kansu ya ce, “Allah Ya ba ku zuri'ar da ba za ta san igiyar garda ba.” Duk gidan aka amsa da amin.