Dutsen Bakin Shanya

"Ki ce ba ki ga komai ba! Abin da nake so ke nan!"

Baba ne ke daka min tsawa, gobe kuma za a shiga kotu a Kura.

"Baba, na gani..."

Wata bakwai ke nan da muka baza shinkafarmu a gefen kwalta, hanyar Bunkure, kamar yadda kowa ke shanya. Motoci suka dinga taka mana, Baba ya ce a jera duwatsu. A kan kwanar hanya fa! Fatihu, wanda aka sa mana rana, ya taho kan babur zai kawo min tumatir daga Kadawa. Ya daki dutse, kansa ya bugu da kwalta.

Kwana goma sha ɗaya bai san inda yake ba. Da ya farfaɗo, magana sai ya lalubo, hannun dama na rawa, ranar kuwa ta goge masa kaf. Mutumin da ke noma kadada biyu shi kaɗai, yau fartanya ta gagare shi.

Mahaifiyarsa Iyatu ta zo neman taimakon magani. Baba ya ce ƙaddara ce, ya sa aka auna mata shinkafa kwano biyu. Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Daga gidanmu ta wuce wajen lauya.

Mudassiru, ɗan wan Baba, dama ya daɗe yana zagaye na. Ya tare ni a zaure.

"Nafisat, me za ki yi da wanda ya taɓu? Ni zan rantse gudu yake yi."

"Kana Kano ranar, munafuki! Ba ni hanya!"

A kotu ya rantse ɗin kuwa, ko kunyar Allah babu. Aka kira ni.

Alƙali ya ce, "Wa ya sa dutsen a hanya?"

Na dubi Fatihu. Murmushi yake min, bai san komai ba.

"Babana ya ba da umarni, ranka ya daɗe. Amma ni na gangaro shi da hannuna..."

Iyatu ta saki salati. Baba ya miƙe sai da ɗan sanda ya zaunar da shi.

Aka yanke wa Baba diyya da kuɗin magani. Ya wuce ni a bakin ƙofa kamar bai taɓa haihuwata ba.

A waje na tarar da Fatihu jingine da bishiyar darbejiya.

"Ke... ce?"

"Ni ce, masoyina."

"Wata bakwai... kina ba ni abinci a baki... kika yi shiru?"

"Tsoro nake kar ka tsane ni."

"Ina jin haushinki, Nafisat! Ban san... yaushe zai wuce ba."

"Ka ji shi, hakkinka ne. Ni dai ba inda za ni."

Ya daɗe yana kallona kafin ya miƙo min hannun nan mai rawa.

Bayan Sallah aka ɗaura mana aure, Kawu Baballe ne ya yi min walicci, Baba bai zo ba.

Har yau in ciwon kan Fatihu ya motsa, juya min baya yake yi, ba ya son ganin fuskata. Ni kuma sai in jiƙa tsumma in zauna a bayansa, in jira.