Ƙoƙon Kan da Ya Faɗo Daga Keke

Ranar da Kafayatu ta shiga shagon Zikrullahi a unguwar Dutsen Kura, rungume take da kwali, idonta ya yi ja. Shi kuwa yana tsugune yana kwaɓa filastar silin, fari fat har gira.

"Sannu da aiki. An ce kana gyaran abin da ya fashe."

"Idan na filasta ne, kawo."

Ta buɗe kwalin. Zikrullahi ya leƙa, ya ja da baya har ya taka bokiti. Ƙoƙon kan mutum ne, ya rabe biyu.

Dariya ta ƙwace mata duk da ɓacin ran. "Ba na gaske ba ne, malam. Kwafi ne. Na ainihin an tono shi a gabashin Afirka, ya daɗe a ƙasa har ya zama dutse. Da shi nake koyar da ɗalibaina a kwaleji, yau mai keke ya faɗa rami da ni."

Ya gyara shi tsaf, ya kuma ce zai iya zuba mata wasu, kowane ɗalibi ya samu na taɓawa. Daga nan ta riƙa kawo masa samfura, mai tudun gira da mai faffaɗan muƙamuƙi. Tana yi masa bayani, yana gyaɗa kai, amma Allah ya sani rabin hankalinsa na kan wushiryarta.

Wata safiya saƙonsa ya shigo: "Malamata, kawuna sun bushe, ki zo ki ɗauka. Nawa ne kawai ya ƙi komawa daidai tun ranar da kika shigo."

Ta mayar masa: "Farin Gira, wannan ba na filasta ba ne, ban san mai gyaransa ba. Sai dai ka je gidanmu a Barkin Sale ka gaida Baba."

Ya je kuwa, da manyansa. Mahaifinta Alhaji Ndagi, mutumin Bida, ya karɓe su da fara'a, sannan ya yi abin da kowane uba ke yi: ya tura a binciko asalin yaro da halinsa. Sai dai wanda ya tura Ndanusa ne, ɗan ƙanwarsa, wanda ya daɗe yana yi wa Kafayatu kallon tasa. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Ndanusa bai sha wahala ba. Yana zagayawa bayan shago ya tarar da kawuna jere a kan benci suna shan rana. Ya ɗauki hoto, ya dawo yana haki.

"Kawu, matsafi ne! Ga shi ka gani da idonka."

Alhaji ya yi salati. "Maganar aure ta mutu. Kada in ƙara jin sunansa a gidan nan."

Kafayatu ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta. Kawunan nata ne, amma Baba bai taɓa sanin takamaiman abin da take koyarwa ba. "Kimiyya" kawai take ce masa, don tsoron kada ya ce ta bar aikin. Yanzu in ta yi shiru ta rasa Zikrullahi, ta kuma bar shi da baƙin suna a gari.

Ta rubuta masa: "Farin Gira, gobe ka zo da bokitinka da filasta. Ni na jawo maka, ni zan wanke ka."

Washegari ta durƙusa gaban mahaifinta. "Baba, kayan nan nawa ne. Ni na sa shi."

Alhaji ya saki baki don mamaki. Kafin ya rufe, Zikrullahi ya yi sallama, ya gaishe shi har ƙasa. A tsakar gida ya kwaɓa filasta, ya zuba a mazubi. Da ta kama jikinta ya ɓare, sai ga ƙoƙon kai fari sol, da ɗuminsa. Alhaji ya ƙwanƙwasa shi da carbi, ya shinshina. Ndanusa da ke tsaye gefe ya tuna yana da saƙo a unguwar Sauka Kahuta, ya sulale.

"To, ke," in ji Alhaji, "ke ce masu cewa biri ne kakanmu?"

"A'a, Baba, ba wanda ya ce birin nan na dawa ya haife mu. Ƙasusuwa da ƙwayoyin gado da ke jininmu muke dubawa, su ke nuna akwai dangantaka mai nisa ƙwarai. Mutane kuwa, Banufe da Bagwari da Bature, jini ya nuna duk gida ɗaya muka fito."

Alhaji ya daɗe yana shafa gemu. "Ni dai Annabi Adamu na sani, a nan zan tsaya. Amma wannan ta ƙarshen, ai mu ma haka aka karantar da mu." Ya dube ta, ya yi murmushi. "Na tura a binciko min kakan mutum ɗaya, ashe 'yata na binciken kakannin duniya ban sani ba. Abin da ya yi min ciwo ke nan, Kafayatu. Gobe ki riƙa faɗa min."

Ta fashe da kukan daɗi. Zikrullahi ya sunkuyar da kai, yana ta murza filastar hannunsa.

"Kai kuma, ka turo manyanka a sa rana. Amma ka daina shanya kawunan nan a waje."

An ɗaura aure bayan Babbar Salla, 'yan Bida suka cika unguwa da kiɗa. Wajen jere, gwaggonnin amarya suka tarar da ƙoƙon nan na farko, mai tabon gyara a goshi, zaune a kabad tsakanin tangaraye. Gwaggo Alisabatu ta ce sam, a fitar da shi. Alhaji da ya leƙo sa albarka ya ɗaga hannu.

"Ku bar shi. Shi ne ya haɗa su. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Ɗakin ya ɗauka da amin. Gwaggo dai ba ta haƙura ba, sai da ta yafa masa ɗankwali.