Tsohon da Ya Ƙi Kafa Tanti a Yashi

Ranar Asabar ce, ana rana, amma hadari ya haɗu can gabas. Wani tsoho ya kai jikokinsa wurin shaƙatawa na bakin rafi, za su kwana a tanti.

Sauran iyalai duk sun kafa nasu a kan yashi, dab da ruwa. Tsoho ya dubi gabas, ya hau tudu mai tsakuwa ya fara kafa turaku.

Jikarsa Tabawa ta ce, "Kaka, ga yashi mai laushi."

Ya ce, "A tudu za mu kwana."

Wani magidanci ya yi dariya ya ce, "Baba, kiwon awaki ka zo?"

Ya ce, "A tudu za mu kwana."

Bayan la'asar, ko yayyafi ba a yi a wurin ba, sai ga jan ruwa daga gabas yana ruri. Tsoho ya riga kowa gangarawa. Ya yi ta saɓo 'ya'yan mutane har kowa ya hau tudu lafiya. Tantuna kawai ruwa ya kwashe.

Magidancin ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka yafe mini."

Tsoho ya ce, "Matso da yaranka kusa da wuta."

Da gari ya waye, ya ɗauki igiya ya bi rafi yana tsamo wa mutane tabarminsu.